Layar da Ke Kan Fulogi na Shida

Abubuwa da yawa na zamanin aikina sun zube daga kaina, har sunayen wasu abokan aiki sai na yi ta lalube, amma ban taɓa mantawa da ranar Lahadin da muka tafi Doguwa neman izinin kwance laya ba. Tun da kun matsa in ba ku labari guda daga shekarun da na yi ina riƙe sifana, wannan zan ba ku, ko da yake ba ni ne gwanin cikinsa ba.

Ana cikin shekarun 1950 ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ni ina fita mai daraja ta biyu a garejin wani kamfanin haƙar kuza a Riruwai. Ga wanda bai san tsarin ba, fita shi ne makanike a bakin mutanen lokacin. Ana farawa daga daraja ta uku, mai wanke ƙarafa da kananzir, sai ta biyu, wanda ake sakar wa mota ya gyara shi kaɗai, sai babban fita mai duba aikin kowa kafin mota ta bar gareji. Babban fitanmu wani mutumin Gwalkwas ne, can yamma da mu a bakin teku, muna ce masa Baba Kwaku. Ya san inji ciki da waje, ga Hausar zango a bakinsa. A samansa sai manaja, wani dogon Bature da ba ka ganin bakinsa ba lofe, shi ya sa leburori suka raɗa masa Mai Lofe. Ya san da sunan, yana ma amsawa.

Motocinmu duk manya ne na ɗaukar kuza, in ban da wata ƙaramar tsohuwa ƙirar kafin yaƙin duniya na biyu, wadda kowa ke kira Goggo. Aikinta kai malamin asibiti ramukan haƙa, da ɗauko leburan da ya ji rauni, da karɓo wasiƙu. Direbanta Malam Tanimu ne, Bazazzagi. Ni kuwa Bakano ne daga Bebeji, kun ga ke nan tsakanina da shi ba a rasa tsiya. Da safe in ce masa, “Bawana, an tashi lafiya?” Shi kuma ya ce, “Lafiya lau, sai dai mamakin zamanin da bawa ke gaida ubangijinsa a tsaye.” Haka muka yi shekaru, kwano ɗaya muke ci da rana.

Da daminar shekarar ta kankama sai Goggo ta fara rasa ƙarfi. Tsakanin bariki da ramukan haƙa akwai wani hawa mai tsawo, da kwana, wato lanƙwasar hanya, har guda biyu a cikinsa. A da a giya ta biyu take haye shi, sai ta koma ta ɗaya, tana tari tana karkarwa. Ranar wata Alhamis ta tsaya cak a tsakiyar hawan ana ruwa, kuma rashin sa'a Mai Lofe ne a ciki, domin tasa motar tana hannunmu. Da ƙafa ya ƙarasa, taɓo har gwiwa. Da ya dawo ko gida bai biya ba, garejin ya nufo.

Ya ce, “Kwaku, motar nan ta mutu.”

Baba Kwaku ya ce, “Bai mutu ba, ranka ya daɗe. Ciwo ne yake yi.”

Mai Lofe ya ce, “To, madalla. Litinin da safe ni da kaina zan shiga. In ta hau tudun nan ba tsayawa, ta ci gaba da aiki. In ba ta hau ba, a tura ta bayan gareji kaji su kwana a ciki.”

Mun yi dariya don Bature ya yi barkwanci, amma Tanimu bai yi ba. Kowa ya san in aka jingine Goggo, motar da za a aiko daga Jos da direbanta za ta zo. Lasisin Tanimu na ƙaramar mota ne, ba shi da ikon hawa manya. Abin da ya rage masa shi ne ya koma ɗaukar kwanon ƙasar kuza a ka, aikin da ya baro da ƙyar, ga 'ya'ya biyar ga tsohuwarsa a hannunsa. Ranar ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba, ni ma na rasa bakin tsokanarsa.

Baba Kwaku ya ɗora mini aikin. Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba makanikai ba. Injin Goggo silinda shida gare shi a jere, daga gaba zuwa baya. Kowace silinda tana da fulogi a samanta, shi ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur. Wutar daga dilko take zuwa, wato na'urar da ke rarraba ta, kowane fulogi da wayarsa. In kana son gane silindar da ba ta aiki, sai ka tayar da mota ka riƙa zare wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. In ka zare ta mai lafiya, muryar inji za ta faɗi nan take. In ka zare ta matacciya, ba abin da zai canza. Na zare ta farko, inji ya yi ƙasa. Haka ta biyu har ta biyar. Na zare ta shida, Goggo ko a jikinta.

Gaskiyar magana, tun kafin in taɓa waya na san abin da zan tarar, kuma a nan ne kunyata take. Fulogi na shida yana can ƙuryar inji, ƙarƙashin bangon da ya raba inji da ƙafafun direba. Kamar hakan bai isa ba, wani mai hikima a can baya ya ɗauko akwatin batir na ƙarfe ya kafa shi daidai samansa, ya buge da ƙusoshin rabit waɗanda ba a kwancewa sai an sare. Tsakanin kan fulogin da gindin akwatin bai fi yatsu huɗu ba. Sifanar fulogi ta gareji kuwa bututu ce mai tsawon taƙi, ba ta da hanyar shiga. Sannan a cikin wannan 'yar kafa, a ɗaure da waya a jikin ƙafar akwatin, akwai laya.

Ba ƙaramar laya ba ce irin ta wuyan jariri. Ta kai tsawon tafin hannu, ga kauri, fatar ta yi baƙi ƙirin da zafi da baƙin mai. Tanimu a nan ya same ta ranar da aka ba shi motar. Kowa a bariki yana da labarinta. Wani ya ce ita ta riƙe Goggo ranar da birki ya tsinke a gangare. Wani ya ce akwai fitan da ya taɓa ta hannunsa ya kumbura, amma in ka tambayi sunan fitan ba mai iya faɗa. Saboda haka duk lokacin da aka ce a canza wa Goggo fulogai, sai a canza biyar, a jefa sabo na shida cikin wani gwangwanin madara a bayan kanta, a rufe bonet. Ni da hannuna na yi haka sau biyu. Baba Kwaku ya sani, bai taɓa cewa uffan ba.

Na je na same shi na ce, “Baba, wannan karon sai an cire na shida.”

Ya mayar da hannayensa baya kamar wanda aka miƙo wa garwashi. Ya ce, “Haruna, ni inji na sani. Wannan abu na mutanenku ne. Ku kira malaminku.”

Na ce to mu sare rabit mu ɗaga akwatin batir. Ya tuna mini cewa a ƙafar akwatin layar take ɗaure, ko ta ina aka bi sai an kwance ta. Na juya wajen Tanimu, tun da shi abin ya fi shafa, na miƙa masa filaya. Ya dube ni ya dubi filayar, ya ce, “Kai dai Bakano ba ka da amana. In hannuna ya shanye, da me zan ɗauki kwanon kuzar ma?” Na yi masa dariya, amma ni ma ban yanke ba. Ku da kuke murmushi yanzu, da kuna wurin ba za ku yanke ba.

Washegari Juma'a, bayan an sauko masallaci, muka tari limamin bariki muka zayyana masa komai. Dattijo ne mai sauƙin kai. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, “Fata ba ta tsare kowa, Allah ke tsarewa. Amma abin da mutum ya ɗaura, ba a kwance shi a bayan idonsa in yana raye. Wa ya ɗaura?”

Tanimu ya ce, “Sai dai Baba Audu Soja, wanda ya riƙe motar kafin ni.”

Liman ya ce, “Yana da rai?”

Muka dubi juna. Baba Audu tsohon soja ne, a yaƙin Bama ya koyi tuƙi, ya riƙe Goggo shekaru masu yawa. Ciwon ido ya kama shi, wata rana 'yan'uwansa suka zo suka tafi da shi gida Doguwa, ko sallama ba a yi sosai ba, balle miƙa aiki. Shekara uku ke nan. A cikinmu duka ba wanda ya san ko yana raye. Kallon da liman ya yi mana ya isa.

Ranar Asabar Baba Kwaku ya rubuta mana takardar fita gwajin hanya ta ranar Lahadi, domin ba a fitar da motar kamfani ba takarda. Ya gargaɗe mu cewa zuwa gangara ce, dawowa hawa ce, in ba mu gyara ta a can ba, a can za ta kwana, Litinin kuma ta same mu ba mota. Na haɗa akwatin kayan aiki, da famfon keke, da kwalbar kananzir, na zaɓo fulogi guda daga gwangwanin madara. Tanimu ya sayi goro da sukari. Muka ɗauki hanya da hantsi, Goggo tana ɗingishi.

A Doguwa ba mu sha wahalar tambaya ba. Aka nuna mana wani durumi a ƙofar wani gida, muka hango tsoho a kan tabarma yana tufka igiyar rama. Tun kafin Tanimu ya taka birki muka ga ya saki igiyar ya karkata kunne. Da inji ya mutu sai muka ji ya ɗaga murya: “Wane mara tausayi ne ya kashe wa Goggo silinda ɗaya?”

Farar yana ta rufe masa idanu duka biyu, sai dai ya ga haske da inuwa, amma kunnen yana nan garau. Muka cire takalma muka durƙusa. Gaisuwa ta yi tsawo, ya tambayi Baba Kwaku, ya tambayi Mai Lofe ko har yanzu yana cizon lofensa, ya tambayi mutanen da wasu sun bar aiki wasu sun rasu. Aka kawo mana fura a ƙwarya. Sai da muka sha Tanimu ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, ya fara magana da muryar da ake zuwa neman aure.

Ya ce, “Baba, mun zo ne a kan amanarka da ke cikin motar nan. Ba mu taɓa ta ba, Allah ya sani. Shekara uku ko ƙura ba mu goge mata ba. Amma yanzu larura ta kama, muna roƙon ka ba mu izini, in kuma akwai abin da ake karantawa kafin a kwance, ka sanar da mu.”

Baba Audu ya ce, “Wace amana?”

Na ce, “Layar, Baba. Wadda ke kan fulogi na shida.”

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce ta shaƙe shi. Da ta ɓalle kuwa sai da ya kwanta a kan tabarma yana dukan ƙasa, hawaye na zuba, har maƙwabta suka leƙo. Mu dai muna durƙushe kamar masu laifi a gaban alƙali. Da ya samu numfashi ya ce, “Shekara uku? Har da Kwaku?” Muka ce har da shi. Ya sake kwanciya.

Daga baya ya ce mu kama hannunsa mu kai shi wajen motar. Ya shafa bonet, ya buɗe da kansa ba tare da lalube ba. Ya zura hannu ƙuryar nan, ya warware wayar, ya fito da layar. Tanimu ya ja da baya taku biyu, ni ma ban tsaya a inda nake ba. Tsoho ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya farke ɗinkin gefe guda, ya zazzage abin ciki a tafin hannunsa. Ƙarfe biyu ne. Ɗaya guntun bututun sifanar fulogi, an yanke shi bai fi kaurin yatsu biyu ba, an huda gefensa. Ɗayan siririn ƙarfe mai lanƙwasa kamar lauje, wanda ake zurawa a hudar a murɗa.

Ya ce, “Ga malamin da ya rubuta ta, maƙerin Tudun Wada ne. Ni na zana masa a ƙasa ya ƙera mini. Wannan ita ce ta uku. Ta farko na ajiye a akwatin kaya, wani ya ara. Ta biyu na ɓoye ƙarƙashin kujera, ita ma aka ara. Aron gareji kuwa kun san shi, ba ya dawowa. Sai na zauna na yi tunani, mene ne abin da za ka rataye a fili a ƙasar nan, kowa ya gani, ba mai miƙa hannu? Na kai wa baduku ya ɗinke mini. In ina bukata in farke, in na gama in mayar da ɗinkin.”

Tanimu ya zauna a kan matakalar mota ya riƙe kai. Can ya ce, “Haruna, in ka ba da labarin nan a bariki, ni da kai har abada.” Na ce, “Bawana, ai kafin mu isa ma na fara.” Wannan ne karon farko da ya yi dariya tun ranar Alhamis.

Amma aiki bai ƙare ba, yanzu ma ya fara. Fulogin da ya shekara uku ba a motsa shi ba yakan manne da kan inji, tsatsa ta riƙe shi. In ka matsa masa da ƙarfi ya karye, rabinsa zai zauna a ciki, sai an ɗaga kan inji gaba ɗaya, kuma gasket ɗin da za a mayar, wato shimfiɗar da kan injin ke zama a kai, sai an aika Jos. In haka ta faru, maganar Litinin ta ƙare. Na faɗa wa Tanimu wannan a fili, don kada ya ce ban gaya masa ba. Ya ce in yi, Allah ya ba da sa'a.

Baba Audu ya hana ni taɓawa sai inji ya huce. Na fara da famfon keke, na hure ƙasa da yashin da suka taru a gindin fulogin, don kada su faɗa cikin silinda in ya fita. Na tsiyaya kananzir ta cikin kara ya zagaye shi. Muka bar shi ya jiƙa, muka yi azahar, aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka muka ci. Na ƙara kananzir muka sake jira. Tanimu ya kasa zama, sai zagaya motar yake yi.

Da lokaci ya yi na ɗora guntun bututun a kan fulogi, ya zauna daram. Na zura ƙarfen mai lanƙwasa. Sai na kama kaina ina ta cusa kai ƙarƙashin bonet, ina neman in ga abin da nake yi, ba na ganin komai sai gindin akwatin batir. Tsoho ya ji ina nishi, ya ce, “Me kake nema da ido a nan? Ni lokacin da nake da ido ma ban taɓa ganin fulogin nan a mazauninsa ba. Rufe idonka, ɗana.” Ya ɗora hannunsa a kan nawa. Na rufe ido.

Ya ce, “Kada ka fizga. Ka fara matsa shi gaba kaɗan kamar za ka ƙara ɗaure shi, sannan ka dawo baya. Ka saurari abin da ƙarfen ke gaya wa hannunka.”

Na matsa gaba, ba motsi. Na dawo baya, ba motsi. Na ƙara ƙarfi, sai na ji yatsunsa sun danne nawa, ya ce, “Ya isa. Ƙara kananzir.” Sau uku muna haka. Gumi ya jiƙa mini riga, domin abincin gidan mutum ne a cikin hannuna. A karo na huɗu na ji wani ƙara, ƙas, a cikin ƙarfen. Na sandare. Tanimu ya ce, “Innalillahi, ya karye?” Baba Audu ya ce, “In ya karye sakwaf za ka ji hannunka ya tafi. Har yanzu yana riƙe da kai?” Na ce yana riƙe. Ya ce, “To tsatsa ce ta saki. Ci gaba, kwata-kwata, kana yi kana komawa.”

Haka na yi ta yi, in murɗa kaɗan, in zare ƙarfen, in sake zurawa, domin wurin bai ba da damar zagaye guda ba. Bayan wani lokaci ya yi laushi har na ƙarasa da yatsu. Da na fito da shi muka taru a kansa. Ya yi baƙi da gawayi da mai, bakin da ke ba da tartsatsi ya cinye saura ɗan tsini. Tsoho ya karɓa ya shafa, ya ce, “Ni na ɗaura wannan.”

Wajen ɗaura sabon ma ya koya mini dabara. Na gyara giɓin bakinsa da ma'auni, na shafa ɗan mai a tiredinsa, wato zaren da ake murɗa shi a kai. Zan sa sifana sai ya ce a'a. Ya sa aka yanko guntun tiyo, na cusa kan fulogin a ciki, na fara murɗawa da tiyon. Dalili kuwa, in fulogi ya shiga a karkace tiyo zai zame ne kawai, amma sifana za ta tura shi da ƙarfi ta cinye zaren kan inji. Sai da ya zauna lafiya na ƙarasa ɗaurewa da ƙarfen, na mayar da waya.

Tanimu ya shiga ya kunna, ni na juya handal, ƙarfen da ake murɗawa ta gaba a tayar da inji. Goggo ta yi tari ɗaya, ta fitar da baƙin hayaƙi, sannan muryarta ta daidaita sumul, irin wadda ni ban taɓa ji daga gare ta ba. Baba Audu ya dafa bonet yana murmushi, ya ce, “Yauwa, ga ta nan.” Tanimu ya fito ya rungume ni, ya manta da wane ne bawa.

Muka sa tsoho a gaba Tanimu ya zagaya da shi gari, yana ta gyara masa canjin giya. Da muka dawo gindin durumi za mu yi sallama, ya riƙe hannuna bai saki ba. Dariyar ta tafi daga fuskarsa. Ya ce, “Kullum in na ji mota ta doso sai in ce ko mutanena ne. Da ɗayanku ya zo gaishe ni sau ɗaya tak, ko a shekarar farko, abin da zan fara tambaya shi ne fulogi na shida.” Bai faɗa da faɗa ba, shi ya sa ta fi shiga. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a wurin aiki, na kasa ɗaga kai. Muka nemi gafara, ya ce ba komai, ya ce mu gaida Kwaku mu gaya masa juju ya gode.

Dawowa duk hawan da ke hanya Goggo ta haye shi ba gardama, muka iso kafin magariba. Baba Kwaku yana zaune a ƙofar gareji yana jiranmu, ko da yake ranar hutunsa ce. Na ajiye masa fatar da ƙarafan biyu a kan benci. Ya duba, ya juya su. Sannan ya ce a kai wa maƙeri ya ƙera guda uku, kuma daga ranar duk wanda ya canza fulogai sai ya jera masa tsofaffin guda shida a kan benci ya gani da idonsa.

Litinin da safe rabin bariki ya fito. Mai Lofe ya shiga gaba kusa da Tanimu, ni da Baba Kwaku muna baya. Na ga wuyan Tanimu yana sheƙi da gumi ko da yake gari da sanyin ruwa. Ya yi bisimilla ya saki kuloci. Kwana ta farko a giya ta uku muka sha ta. A kwana ta biyu, daidai inda ta tsaya ranar Alhamis, ya sauko ta biyu, Goggo ta yi gurnani ta wuce kamar ba ta san wurin ba. Da muka kai sama leburorin ramuka suka ɗauki sowa. Mai Lofe ya cire lofensa, ya ce, “Me kuka yi mata?” Baba Kwaku ya ce, “Mun kai shi wajen likitansa, ranka ya daɗe.” Bature ya dubi Tanimu ya ce, “Direba, gobe ƙarfe bakwai ka ɗauko malamin asibiti.” Tanimu ya ce to, ya fita ya zagaya bayan motar ya tsuguna, muka ba shi wuri har ya gama share idonsa.

Ya ci gaba da tuƙa Goggo har aka yi mulkin kai, a kanta ya yi wa 'yarsa ta fari aure. Mu kuma daga wannan shekarar ba a yin wata biyu ba mu gangara Doguwa ba, har Allah ya yi wa Baba Audu rasuwa, kuma ban taɓa zuwa na dawo ba tare da wata sabuwar dabara ba.

Abin da na koya ranar nan guda biyu ne. Na farko, a aikinmu fulogin da ya fi wuyar kaiwa shi ne wanda ya fi bukatar a kai gare shi, kuma makanike ba ya rasa dalilin da zai ba kansa na barinsa. Mu namu dalilin fata ce da zare, ku naku zai zo da wata kama. Na biyu ya fi nauyi. Rabin ilimin sana'ar nan ba ya cikin littafi ko akwatin kaya, yana wurin tsofaffin da suka ajiye aiki suna zaune a ƙofar gida, ba mai tambayarsu komai. Mun kusa jefa mutum da iyalinsa cikin wahala saboda gaisuwar da ba mu je ba. Ku dubi waɗanda suka riƙe benci kafin ku, ku binciki inda suke, ku je da goro tun suna iya gane muryarku.